Na Je Colire Hana Allura

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi da daɗi ba. Garba mai shayi ya tambaya, abokan sana'a a mahauta sun tambaya, har Alhaji Sanda da bai taɓa amsa sallamata da baki ba sai da ya leƙo rumfata wai yaya Colire. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Wanda bai iya karatu ba ya nemi ɗansa, ai ku ne masu cewa lekol, makarantar boko, na da amfani. Ni a aji huɗu na baro ta, kuma har yau ban ga abin da waɗanda suka ƙarasa suka fi ni ba sai takalmi.

Na ce muku sayen shanu zan je, kuka yarda. Wane mahauci ne mai hankali zai tsallake kasuwar Ngong ya tafi Colire neman sa? Zancen allura ne ya kai ni.

Kun san Yaya Ladi, babbar yayarmu ciki ɗaya, wadda aure ya kai can. Allah bai ba ta haihuwa ba. Da matata Asabe ta yaye 'yarmu ta fari, Yaya ta zo da zanen goyo ta ɗauke ta, yadda aka saba. Ban hana ba. 'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyarmu aka sa mata, kunya biyu ke nan a kan yarinya ɗaya. Mutane na ce mata Ummi, ni ko Ummin ba na faɗa. In ta kama dole sai in ce "ta wajen Yaya". Yanzu ta kai shekara goma, a can take lekol.

Wata safiya Asabe ta ajiye mini kunu ta ce, "Yaya ta kira. Wai ranar Laraba za a yi musu allurar nan."

"Wace allura?"

"Ta rigakafin ciwon daji na bakin mahaifa."

Kunun nan bai shiga ba. Duk kun ji saƙon muryar da ke yawo a waya, wanda wani mutum ke rantsuwa yana cewa allurar tana kashe mahaifa. Ni ba ma rantsuwarsa ce ta dame ni ba, lissafi na yi. Ƙasar da ba ta iya bar maka wuta ta yini ɗaya, naman firij ya ruɓe a gabanka, ita ce ta damu da mahaifar 'yarka? Ka je lopital, maganin ciwon kai sai ka saya, safar hannun da nas zai taɓa ka da ita sai ka saya. Sai wannan ce kawai kyauta? Duk abin da aka ba talaka kyauta, ya ɗaga ya duba ƙarƙashinsa.

Asabe ta ce, "To ka kira ta mana."

In ce me? Mutum ya ba da ɗa, sannan ya bi shi da umarni ta waya? Na yanke shawarar in je da ƙafata, in zauna, in ɗauko zancen ta gefe, yadda ake cinikin sa: ka fara taya tunkiya tukuna. Na zaɓi cinya mai kyau na yi kilishi da hannuna, na naɗe a takardar siminti, ranar Litinin na tafi ajans, tashar motoci.

Sun ce motar za ta tashi da sassafe. Sai da rana ta fara dafa kwano muka tsallake gadar Binuwai. A kujerar mutum uku aka zuba mu huɗu. Ta hannun dama wani dillalin shanu, Malam Buba, ƙato, da wayoyi biyu. Ta hagu wata malamar lekol 'yar kudu, Madam Solanj, wadda aka tura aiki Colire, tana Hausa kamar mai tauna tsakuwa amma ba ta jin kunyar yi. Na huɗunmu tsoho ne da ya yi barci tun kafin a tayar da mota, shi ya fi mu duka wayo.

A shingen jandarma na farko aka ce kowa ya fito da kat, katin shaida. Jami'in ya dubi hotona, ya dube ni, ya sake duban hoton, ya ce wannan ai yaro ne. Na ce masa da aka ɗauka ban fara biyan lanfo, wato haraji, ba. Ya yi dariya ya miƙo mini. Sau ɗaya ke nan a rayuwata baƙar magana ta yi mini amfani.

Muna sauka Ngong mata suka rufe motar da soyayyen kifin Lagdo da dafaffiyar masara da gyaɗa. Malam Buba ya sayi kifi, ya ci a kan gwiwata, ya goge hannu a kujera, sannan ya kunna saƙon nan na allura da ƙarfi don kowa ya amfana. Na ji daɗi, na samu ɗan'uwa. Madam Solanj ta bari har ya ƙare, sai ta ce, "Mesye Buba, shanu naka, kana yi musu allura?"

"Kowace shekara. Wanda ba a yi wa ba ko taya shi ba na yi."

"Sun daina haihuwa?"

"Madam, saniya daban, mutum daban!"

Na ce, "Gaskiya ne. Saniya ta fi tsada."

Motar ta kwashe da dariya, shi bai yi ba. Madam ta ce ai yanzu har yara maza ana yi wa, don ƙwayar cutar ba ta zaɓe, namiji na ɗauka ya kai wa mace. Malam Buba ya buga cinyata, ba tasa ba, ya ce, "Ka ji ko! Har mazan za su gama da su!" Na lura da mutumin nan: in an yi wa mata kaɗai, hujja ce, in an haɗa da maza, hujja ce, da za a ce an fasa gaba ɗaya, sai ya ce sun zuba a rijiya. Ra'ayinmu ɗaya da shi, amma na fara jin haushin hakan.

A Gijiba muka bar kwalta muka kama jar hanya. Duk abin da ke cikin cikina ya canja wurin zama. Can cikin dajin da gwamnati ta keɓe wa namun daji taya ta fashe, muka fito muka zauna a gindin itace. Na ajiye ƙunshin kilishina a kan dutse don in kama ruwa. Ina juyowa sai ga bika, irin manyan biran nan masu jan gindi, ya rungume shi kamar jaririnsa. Na ɗauki dutse. Direba ya daka mini tsawa:

"Kai, Malam! Kar ka jefa! Dabbar gwamnati ce, ɗaure ka za a yi!"

Bikan ya hau reshe ya zauna, ya buɗe takardar a hankali, yana ci yana kallona. Yajin ma bai dame shi ba. Madam Solanj ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ka gani, Mesye, shi ba ya tsoron kyauta."

Haka na shiga Colire hannu rabbana.

Garin ba laifi, sai dai Hausa ba ta da kasuwa, Fulatanci ne ko'ina. Gaisuwarsu kuma ba ta ƙarewa: jam na, jam, gida jam, gajiya jam, har ka manta abin da ya kawo ka. Na leƙa teburin mahautansu don kar a ce ban ga komai ba. Jama'a, da gatari suke sara. Tsoka da ƙashi da jijiya duk a tuli ɗaya, ba ruwansu da cinya ko ƙirji. In a garinmu Garwa ne mutum ya yi wa sa wannan wulaƙanci, sarkin fawa zai karɓe masa wuƙa.

Mijin Yaya, Malam Hamadu tela, mutum ne da ba ya ɓata magana. Ya ce sannu, ya nuna mini shagon zaure, ya koma kan kekensa. A shagon akwai buhunan gyaɗa da wata kaza da ke kwanci a kwando, wadda ta nuna mini tun farko cewa ita ce mai ɗakin. Aka kawo tuwon masara da miyar tafasa, su tasba suke ce mata. Ba nama, sai wani busasshen kifi da ya sha duniya. Yaya ta tsaya a kaina ta ce, "Mahauci guda ya zo daga Garwa, ko ƙashi babu?" Na ba ta labarin bika. Ta ce ta ji ƙarya iri-iri, amma wannan da gashinta.

Sai yarinyar ta shigo. Ta durƙusa nesa, kanta a ƙasa, ta ce, "Baba, sannu da zuwa." Na dubi bango na ce, "Yawwa." Amma ido ba ya jin magana. Ta yi tsawo, kuma da ta buɗe baki na ga wushiryar Inna, ita ce sak.

Talata da la'asar na samu Yaya a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ƙafarta mai ciwon gwiwa a miƙe. Na jawo kujera na fara taya ta. Na taya tunkiya tukuna: tsadar masara, zafin Garwa, wanda ya mutu da wanda ya yi aure. Sannan na ce, "Yaya, duniya ta lalace. Yanzu sai a bi 'ya'yan mutane da allura, ba a san me ke ciki ba."

"'Ya'yan wa?"

"'Ya'yan mutane dai."

"Allah sarki. Mutanen ne suka aiko ka?"

Na ci gaba da ɓara. Ta watsa ɓawo a ƙasa ta ce, "Sale, ni na yi maka wanka kana tsirara. Shanun da ka zo saye suna ina? Tun jiya kazar shago kaɗai ka taya."

Na ce, "Ana cewa tana hana haihuwa."

"Ni wace allura aka yi mini?"

Sai na sake hanya. Na ce an ce ta kwanciya ake ɗaukar cutar, to me ya haɗa ƙaramar yarinya da wannan, in ba so ake a buɗe musu ido ba?

"Shi ya sa ake yi yanzu, tun ba ta san komai ba. Katanga ake ginawa kafin akuya ta shigo." Ta ajiye gyaɗar hannunta. "Kana tuna ɗakin Inna a shekararta ta ƙarshe?"

Ina tunawa mana. Ina ɗan shekara goma sha biyu, daga nan ne ma na bar lekol na bi Kawu mahauta. An ce mana ciwon ciki ne, wasu suka ce jifa. Abin da na fi riƙewa shi ne turare. Kasko ba ya mutuwa a ɗakin nan, safe da yamma. Har na girma ina faɗa wa mutane uwata mace ce mai son ƙamshi.

Yaya ta ce, "Turaren nan ba na ado ba ne. Ni nake sa shi, don kada ku ji. Ni nake wanke tsummokaran, in shanya a bayan ɗaki inda maza ba sa bi. Jini ba lokacinsa ba, da wani ruwa, da ciwon ƙugu da ke sa ta cizon filo. Ta hana ni faɗa wa Baba, wai abin kunya ne."

Ni mahauci ne, na san warin nama in ya juya. Ina zaune a tsakar gidan nan sai hancina ya tuno abin da ke ƙarƙashin turaren. Ashe na ji shi tun a lokacin.

"Ban ce shi ne ba," in ji Yaya. "Ba wanda ya duba ta, ni kuma ba likita ba ce. Amma ranar da nas ta tara mu mata tana faɗin alamun, sai na ji kamar ta taɓa leƙa ɗakin Inna. To gaya mini, Inna 'yar iska ce?"

Na miƙe tsaye. "Yaya!"

"Zauna. Mace na zaune a ɗakinta ciwo zai zo ya same ta har gado. Kai ka san mijin da yarinyar nan za ta aura? Ka san inda zai biyo kafin ya iso ta?"

Na zauna.

"Amma ba zan yi maka ƙarfa-ƙarfa ba. Kai ka haifa. Buɗe baki ka ce, Yaya, 'yata wance, ban yarda ba. Ka kama sunanta. Wallahi sai in fasa, in haɗa mata kayanta ku tafi tare, tunda riƙon nawa bai isa ba."

Kun ji inda ta ɗaure ni. In na faɗa, na karɓe kyautar da na yi, ni da Yaya kuma sai a lahira. In ban faɗa ba, na sha ƙurar Gijiba a banza. Muka ci gaba da ɓarar gyaɗa har aka kira magariba.

Laraba da safe Yaya ta ce gwiwarta ta kumbura, Malam Hamadu kuma yana da ɗinkin biki. "Kai da ka zo sayen shanu ba ka da aikin yi. Raka ta dispansa." Ban sani ba ko gwiwar ce da gaske. Ta sa wa yarinyar hijabi, ta juya ta shige ɗaki, ba ta ko dube ni ba.

Yarinyar na gaba, ina baya da 'yar rata, kamar ba tare muke ba. A bakin kasuwa hanya ta rabu biyu, ɗaya ta yi tasha, ɗaya ta yi dispansa. Ga motar Garwa can ana lodi, yaran mota na kira. Yarinyar ta tsaya ta waiwayo, ba fuskata ta duba ba, ƙafafuna. Na ce a raina bari dai in je in ga abin da idona, in bai yi mini ba ai tashar ba guduwa za ta yi ba. Na nuna mata hanyar dispansa da haɓa.

A gindin dalbejiya suka sa tebur da benci. Yara mata da maza, iyaye na tsaye, ga Madam Solanj tana jera 'yan ajinta. Tana ganina ta ce, "Mesye mai kilishi!" Nas ɗin wata gajeriyar Bafulatana ce mai Hausa garau. Na ce ta nuna mini kwalbar. Ta buɗe akwatin sanyi ta nuna. Na sa hannu na taɓa, da sanyinsa, ya fi firij ɗina.

"Me za ta yi mata?"

"Hannu zai yi tsami, wataƙila ɗan zazzaɓi, ya wuce. Ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu, hanya take tarewa. Kuma in ta girma ta riƙa zuwa ana duba ta, kar ta ce an yi mata allura shi ke nan."

"Haihuwa fa?"

Ta nuna wata yarinya mai kitso biyu da ke riƙe da auduga a dantse. "Waccan tawa ce. Da ita na fara. Ina son jika, Baba, kamar kowa."

"To me ya sa kyauta?"

"In biya kake so, sayo mana ruwan sanyi, tun safe muke nan."

Matan da ke wurin suka yi dariya. Ban gamsu da wannan amsar ba, har yanzu ma ban gamsu ba. Amma na dubi 'yar tata, na dubi tawa, turaren nan kuma bai bar hancina ba tun jiya. Layi ya zo kanmu ban ce a tashi ba.

Yarinyar ta zauna a benci. Tana ganin allurar ta ƙame, idanu waje. Nas ta ɗauki biro ta ce, "Sunanki?" Shiru. Ta sake tambaya. Shiru. Wata ƙawarta ta ce, "Ummi." Nas ta ce, "Ummi sun cika wurin nan. Sunan yanka nake so." Ta ɗago ta dube ni. "Ba kai ne babanta ba?"

Duk matan suka juyo. Su sun gane, har wata ta rufe baki da mayafi. Madam Solanj ce kaɗai ba ta san me ake jira ba. Rabona da sunan nan a bakina, ban ma san ko na taɓa faɗarsa ba. Ba a kiran sunan uwa, ba a kiran na 'yar fari. Jiya an ba ni shi in hana, na kasa.

Na ce, "Rakiya."

Muryar ta fito kamar wuƙar da ta kwana a ruwa. Yarinyar ta ɗago kai ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Tana cikin kallon nan nas ta soka ta zare. Ba ta ma sani ba, sai da aka danna mata auduga ta ce, "An yi?"

Na sayo musu ruwan sanyin, don kar a ce.

Washegari hannun ya yi tsami kamar yadda aka faɗa, ta sha kunu da hagu, ta tafi lekol. Yaya ta cika mini buhu da gyaɗa, gwiwar ta warke sarai. A bakin zaure ta ce, "An ce ka yi magana a dispansa."

Na ce, "Tari na yi."

"Allah ya ƙara tarin."

Dawowa ba labari: ƙura, shinge, kat, Ngong, gada. Na iso gida na tarar an ɗauke wuta, saboda haka kada wani ya ce na koma ɗan gwamnati. Saƙon mutumin nan mai rantsuwa ma yana nan a wayata, ban goge ba, ban kuma tura wa kowa ba. Garba, kai da ka ce in ba ka shawara a kan 'yan biyunka: ni ba likita ba ne. Ƙannen ta wajen Yaya dai in sun kai, da ƙafata zan kai su, har namijin. Kai kuma kafin ka yanke, ka bar mu 'yan shayi, ka je ka samu babbar yayarku ka tambaye ta me ya kashe matan gidanku. Ka tafi da lokaci, don za ta faɗa maka.

Kilishi kuma na sake yin wani, yana shanye. Wannan karon a kan cinyata zai zauna har Colire, kuma ba na Yaya ba ne.